Kafin a ce kwantirola ta mutu: fashin baƙi kan matsalar caji a ƙaramin injin iska

Duk wanda ya taɓa buɗe murfin kwantirolar injin iska da ta ƙone, wato akwatin da ke tsara cajin batir a injin da ke samar da lantarki daga iska, ya san warin nan, ƙaurin roba da ta narke mai kama maƙogwaro. Idan ka haska fitila a allon cikinta za ka ga baƙin tabo kewaye da wasu ƙananan abubuwa masu ƙafa uku-uku da aka ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya, wani ma ya tsage gida biyu. Mai gida na ganin haka sai ya yanke hukunci cewa kwantirolar ce ba ta da aminci. Ya nemo wata ya ɗaura, a yi makonni lafiya lau, ranar da iska mai ƙarfi ta taso sabuwar ta bi sawun tsohuwar. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin asara ce da ake iya kauce mata, kuma saboda ita mutane da dama sun sauke injinsu sun jingine, alhali injin bai yi laifin komai ba.

A mafi yawan lokuta kwantirola ita ce wadda tsautsayi ya faɗa wa. Asalin matsalar tana wani wuri, kuma ana gano ta ne da tambaya guda: a lokacin da abin ya faru, ina wutar da injin ke samarwa ya kamata ta je, kuma me ya tare mata hanya?

Bari mu fara da yadda tsarin yake. Galibin ƙananan injinan iska na gida, daga masu wat 300 zuwa masu kilowat biyu ko uku, suna da janareta mai maganaɗisu a bayan farfela. Farfela na juyawa, maganaɗisu na gilmawa ta gaban kwayil, wutar AC na fitowa ta wayoyi uku. Wannan wuta ba ta da tsayayyen ƙarfi, iska ta ƙaru bolt ya hau, ta lafa ya sauka. Batir kuwa ba ya karɓar AC, shi ya sa ake bi da ita ta rektifaya, wato dayod shida da aka jera, 'yan abubuwan da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, kowace waya da nata biyu, su mai da ita DC. A wasu injinan rektifayar na can sama a cikin kan injin, wayoyi biyu ne kawai ke saukowa, a wasu kuma tana ƙasa cikin akwatin kwantirola. Daga nan sai batir. Sai abu na ƙarshe wanda aka fi rainawa, alhali ran tsarin na hannunsa: mazubin rara, wato babbar razista ko hita da ake juya wutar da ta yi yawa cikinta ta koma zafi.

A nan ne wanda ya saba da sola ke yin tuntuɓe. Idan batir ya cika, kwantirolar sola tana katse farantin ne kawai, shi kuma ya zauna a rana abinsa, babu abin da zai same shi. Injin iska ba ya jure haka. Muddin ana jan wuta daga janareta, juyin nasa yana yin nauyi, kuma wannan nauyin shi ne linzamin da ke riƙe da farfela. Ka katse wayar, ka tsinke linzami. Farfela za ta ruga da gudun da ba a ƙera ta dominsa ba, kuma tun da bolt ɗin janareta yana bin gudun juyi ne, injin da aka rubuta masa bolt 24 yana iya fitar da ninki uku ko huɗu na hakan. 'Yan abubuwan nan masu ƙafa uku, waɗanda ake kira mosfet, kowanne yana da iyakar bolt da zai jure, kuma da an wuce ta, ko da na ƙiftawar ido ne, ya fashe. A can sama kuma boris na cin wuya, fukafukai na iya tsagewa.

Ƙara da wannan: ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka takwas, idan ya ninka uku ƙarfin ya ninka 27. Injin da ke ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a iskar mita 5 a sakan, shi ne zai yi ambaliya a iskar mita 15. Wannan ne ya sa tsarin da ke da aibi yake iya yin watanni bai nuna ba. Aibin na nan kwance, yana jiran dare ɗaya da iska za ta haɗu da cikakken batir.

Kafin a taɓa ko da waya ɗaya, a tsayar da farfela. A jira iska ta lafa, a danna makunnin birki, wanda aikinsa shi ne ya haɗe wayoyin nan uku wuri guda har juyi ya gagara, sannan a ɗaure fiffike da igiya ko a kwantar da turken idan mai kwanciya ne. Kada a dogara da birkin a tsakiyar guguwa, domin a wasu injinan ba ya iya tsayar da farfelar da ta riga ta ɗauki gudu, sai dai ya mai da ƙarfin zafi a cikin kwayil har ya ƙone. A cire zobe da agogon ƙarfe, domin batir na iya sakin ɗaruruwan amfiya ta jikin sifana ɗaya da ta gitta kawunansa. Kuma batir mai ruwa da ya sha caji fiye da kima yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke kama wuta da ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. A buɗe ƙofa da taga tukuna.

Matsalar da ta fi haɗari ita ce batir ya riƙa shan caji ba tsayawa. Alamunta ba sa ɓuya: batir ya yi zafi yana ɓararraka, ɗaki ya ɗauki wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir na saurin ƙafewa, inbata na ɗaukewa da kanta tana kukan bolt ya yi yawa. Batir mai ruwa na bolt 12 ana tsayar da cajinsa ne a wajen 14.4, na 24 a wajen 28.8, na 48 a wajen 57.6. Idan mitar awon wuta ta nuna ana haura wannan sosai duk lokacin da iska ta buso, to rarar ba ta zuwa inda ya kamata.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Lokacin da batir yake cike iska kuma na kaɗawa, kusantar da bayan hannunka ga mazubin rara, ba tare da ka taɓa shi ba. Ya kamata ka ji hucin zafi. Idan ka ji shi sanyi ƙalau, sai a ɗauko mita a auna bolt tsakanin kawuna biyun da wayoyin mazubin ke fita daga kwantirola. A auna tsakaninsu su biyu, domin kwantiroloci da yawa ɓangaren negatib suke kunnawa da kashewa, saboda haka wanda ya auna fozitib da jikin ƙarfe zai ga wuta kullum ya ruɗe. Idan akwai bolt a wurin amma mazubi na sanyi, kwantirola ta yi aikinta, mazubin ne ya tsinke ko wayarsa ta saki. Idan babu, sai a duba saitin kwantirolar kafin a zarge ta, wataƙila an ɗora iyakar sama da inda ya dace.

Auna mazubin kansa na buƙatar natsuwa, domin juriyarsa, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, ƙanƙanuwa ce, sau da yawa ba ta kai om ɗaya ba. A cire shi daga kwantirola, a fara haɗa bakin wayoyin mita biyu da juna a ga abin da za su nuna, domin su kansu suna iya cin 0.2 ko 0.3, sannan a auna mazubin a debe wancan. Idan mita ta nuna babu hanya kwata-kwata, ya tsinke a ciki.

Sai dai mazubi na iya zama lafiyayye amma bai dace da injin ba, kuma a nan nake so in daɗe, domin a ganina nan ne kabarin yawancin kwantirolocin da ake binnewa. Ɗauki injin wat 1000 a tsarin bolt 24. A bolt 28.8 yana iya turo amfiya kusan 35. Amma lambar da ke jikin kwali ba ita ce iyakarsa ba, a bugun iska yana zarce ta, shi ya sa ake ƙara rabin adadin a kai, ya zama kamar amfiya 52. Raba 28.8 da 52, za ka samu om 0.55. Ke nan ana buƙatar mazubi mai juriya kusan rabin om, wanda zai iya shanye wat 1500 na tsawon sa'o'i bai narke ba, da kuma kwantirola mai ɗaukar aƙalla amfiya 60.

Yanzu dubi abin da ake yi a zahiri. Mutum ya ga hitar ruwa an rubuta mata wat 2000, ya ce ai ta fi ƙarfin injina, ya ɗaura. Amma wat 2000 ɗin nan a bolt 230 ne. Juriyarta wajen om 26 ce, saboda haka a bolt 28.8 amfiya ɗaya da 'yan kai za ta ja, wato wat 30 da ɗoriya. Injin na turo dubu, mazubi na shan talatin, sauran duk a kan batir. Kwantirola za ta kunna fitilar da ke nuna tana juya rara, kuma gaskiya take faɗa, ta buɗe ƙofa iyakar buɗewa, ƙofar ce ba ta fi kafar allura ba. Wani kuma ya jera ƙwayayen fitila masu zare. Zaren ƙwai idan yana sanyi juriyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na lokacin da ya yi zafi ba, don haka duk kunnawa sai ya fizgi wuta mai yawa ta cikin mosfet. Ga shi kuma ƙwai na mutuwa ba sallama, ɗaya ya mutu sauran su rage, har a wayi gari babu mazubi.

Ɗaya gefen ma rami ne. Wanda ya ji tsoron ƙarancin mazubi sai ya tara razistoci barkatai har juriyar ta sauka zuwa om 0.3. A bolt 28.8 wannan amfiya 96 ke nan ta cikin kwantirolar da aka yi don 60. Kuma a lura, batir ne ke ba da wannan wutar, ba ruwansa da ko injin na iya samar da ita. Karon farko da kwantirola ta buɗe hanya sosai, shi ne na ƙarshe. Mazubi dai dole ya fi ƙarfin injin, kuma ya kasance ƙasa da ƙarfin kwantirola.

Ba banza ba dokar haɗa wutar lantarki ta Amurka, wadda tun bugun 2011 ta ware wa injinan iska sashe nasu mai lamba 694, ta ƙi yarda a dogara da hanya ɗaya tilo wajen kare batir idan juya rara ce kaɗai ke tsare caji. Ko a inda wannan doka ba ta aiki, hikimar na nan: kwantirola ta biyu da nata mazubin, wadda aka saita ta ɗan sama da ta farko, tana zaune shiru har ranar da za a buƙace ta.

Akwai kishiyar wannan matsala, kuma tana zuwa ne a ɓoye. Mosfet idan ya lalace, ya fi yawan mutuwa a haɗe, wato ya zama kamar waya. Daga nan mazubi na manne da batir dare da rana. Na taɓa tsayawa gaban irin wannan da asuba, ko ganye ba ya motsi, farfela tsaye cik, amma da na kai hannu kusa da razistar sai na ji ɗumi kamar an sauke tukunya. Batir ɗin da aka kwana da shi cike ya faɗi ƙasa da bolt 11. Mai tsarin ya yi kwanaki yana zargin firji da fitilu, har ya fara tunanin sauya batir. Ɗumin nan a lokacin da babu iska shaida ce da ba ta buƙatar wata. A cire wayar mazubi nan take don ceton batir, amma a bar birki a danne, domin yanzu babu inda rara za ta je. Kwantirola mai amfani da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, ita ma tana yin haka ta wata hanya: wutar DC ba ta sauka sifili kamar AC, saboda haka tartsatsin da ke tashi duk lokacin da bakin rile ya rabu yana daɗewa, a hankali ya cinye bakin ko ya liƙe shi kamar walda. Rilen da ake ji yana ƙas-ƙas-ƙas ba hutawa yana kan wannan hanya, kuma yawanci tazarar da ke tsakanin bolt ɗin kunnawa da na kashewa ce ta yi kaɗan, ko batir ɗin ya yi wa injin ƙanƙanta.

To idan kuma ƙorafin shi ne caji ba ya shiga fa? Kafin a buɗe akwati a fita waje a ɗaga kai, domin farfela na faɗin abin da ke damunta. Idan iska na kaɗawa sosai amma tana juyawa a hankali da nauyi, kamar mai tafiya cikin taɓo, to akwai inda wayoyi suka haɗe: an manta birki a danne, ko dayod ya mutu a haɗe, ko fatar waya ta goge a cikin turke. Idan kuma tana gudu fiye da yadda aka saba, da wani fito mai kaifi, amma mita ba ta nuna amfiya, hanya ce ta yanke: fis ya ƙone, waya ta saki, ko gawayin da ke goga zobban da ke wuyan injin ya cinye. Wannan na biyun gaggawa ne, a taka birki da zarar iska ta ba da dama.

Akwai gwajin hannu da nake ƙauna saboda sauƙinsa. A ranar da babu iska, a cire wayoyi ukun daga rektifaya a raba su, a juya farfela da hannu. Ya kamata ta tafi sumul. A haɗe biyu daga ciki, za a ji tana tafiya da tsalle-tsalle, nauyi ya zo ya wuce. A gwada kowane biyu, su ba da ji iri ɗaya. A haɗe duka ukun, sai ta yi nauyi gaba ɗaya ba tsalle. Idan an yi haɗin daga ƙasan turke kuma aka sami wannan sakamako, an wanke janareta da dogayen wayoyinsa a lokaci guda. Idan tun wayoyin na rabe ake jin tsallen, akwai haɗewa a sama. Idan an haɗe wasu biyu ba a ji komai ba, ɗayarsu ta tsinke. Mita za ta tabbatar: juriya tsakanin kowace waya biyu ta zo ɗaya, kuma kada a sami hanya tsakanin kowace waya da jikin ƙarfen injin.

Daga nan sai rektifaya. A raba ta da batir da injin, a sa mita a ma'aunin dayod. Lafiyayyen dayod na silikon yana nuna tsakanin 0.4 da 0.7 ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma ya toshe. Wanda ya nuna kusan sifili ta kowace fuska ya haɗe, wanda ya toshe ta duka biyun ya tsinke. Dayod ɗaya da ya tsinke ba ya kashe caji, rage shi yake yi, sai a ji injin na wani gurnani turke na karkarwa, domin nauyin ya daina rabuwa daidai tsakanin wayoyi uku. Rektifaya ƙaramin abu ne mai sauƙin sauyawa, kuma abin takaici ne a jefar da kwantirola sukutum saboda ita. Idan kuwa fis aka tarar ya ƙone, kada a tsaya ga sauya shi. Fis ɗin da ke tsakanin injin da batir idan ya yi ƙanƙanta, yana ƙonewa ne daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi, wato ya saki linzami a sa'ar da aka fi buƙatarsa.

Wani lokaci kuma babu abin da ya lalace. Yawancin ƙananan injina ba sa fara caji sai iska ta kai kimanin mita 3 a sakan, domin sai bolt ɗin janareta ya haura na batir kafin wuta ta shiga. Farfela na iya wuni tana juyawa ba ta kai nan ba. Injin da aka kafa a gajeren turke tsakanin gine-gine da bishiyoyi kuma, za ka gan shi yana waige-waige, bai gama ɗaukar gudu ba iska ta sauya masa fuska. Maganin wannan tsayin turke ne.

Nau'in matsalar da ya fi wahalar ganewa shi ne wanda komai ke nuna lafiya: kwantirola na cewa batir ya cika, mazubi na zafi, amma da dare ya yi wuta ba ta kai ko'ina. Kwantirola ba ta ganin cikin batir, bolt kawai take karantawa, kuma abu biyu na iya yi mata ƙarya. Na farko batir ɗin da ya tsufa ko ya daɗe ba ya cika, har gishirin salfet ya daskare a farantansa. Irinsa da an tura masa wuta sai bolt ya yi tsalle zuwa 14.4 cikin 'yan mintuna, da an ɗora masa kaya kuma ya rufto. Lafiyayyen batir mai ruwa na bolt 12 da ya cika ya huta sa'o'i yana zama a wajen 12.6 zuwa 12.7, kuma yana riƙewa idan an kunna kaya. Na biyu waya. A ce tsakanin kwantirola da batir akwai juriyar om 0.02 kacal, saboda siririyar waya ko kan batir da ya yi tsatsa. Amfiya 30 na bi ta nan, bolt 0.6 ya ɓace a hanya. Kwantirolar da wutar injin ke ratsawa ta cikinta za ta ga 14.4 ta fara zubar da wuta, alhali batir na 13.8. Kullum a bar shi da yunwa, yunwar ta jawo salfet, salfet ya ƙara sa bolt saurin hawa, haka abin zai yi ta zagayawa har batir ya tashi aiki. Gano shi ba wuya: lokacin da caji ke shiga da ƙarfi, a auna bolt a bakin kwantirola, a auna a kan batir, a kwatanta. Bambancin da ya wuce 0.2 ko 0.3 abin bincike ne. A shafa mahaɗan wayoyi, duk wanda ya yi ɗumi shi ne ɓarawon. Kwantirolar da ke da 'yan siraran wayoyin jin bolt na daban, a kai su kan batir kai tsaye, don wannan aka yi su.

Zafi ma na da hannu. Batir mai ruwa na bolt 12 yana buƙatar a rage masa iyakar caji da kimanin 0.03 a duk digiri ɗaya sama da 25 a ma'aunin Salshiyas, wato kusan rabin bolt a ɗakin da ya kai digiri 40. Ƙaramin ma'aunin zafin da ake liƙawa a jikin batir idan ya faɗi ko wayarsa ta tsinke, lissafin ya karkace. Haka kuma kwantirolar da ke gane tsarin 12 ne ko 24 da kanta tana yanke wannan hukunci ne a lokacin da aka haɗa ta, don haka batir na 24 da ya yi mugun sauka yana iya sa ta ɗauka na 12 ne.

Batirin litiyom ya zo da nasa sabon tarko, kuma ina ganin zai ƙara yawa yayin da mutane ke sauya tsofaffin batura. A cikinsa akwai allon tsaro da ake kira BMS, wanda ke katse batir ɗin gaba ɗaya idan ɗaya daga ƙwayoyinsa ta kai iyaka, wato bolt 3.65 a nau'in litiyom mai ƙarfe da fosfet. Ga sola wannan kariya ce. Ga injin iska kuwa, batir ne ya ɓace daga layi a tsakiyar iska, bolt ya harba sama, kwantirola da inbata su sha duka. Ƙwayoyi huɗu a 3.65 sun ba da 14.6, amma idan ba su daidaita ba ɗaya na iya kai iyaka tun jimillar ba ta kai nan ba. Saboda haka a saita juya rara ta fara a ƙasa da inda BMS ke katsewa, da tazara mai kyau, kuma a tanadi wata kariya a ɓangaren injin wadda za ta ɗora masa kaya ko ta taka birki ko da batir ba ya nan. Duk wanda kwantirolarsa ta ƙone jim kaɗan bayan ya koma litiyom, nan zai fara dubawa.

Inda aka haɗa sola da iska a batir ɗaya, a kwatanta saitin kwantirolocin biyu. Idan ta sola na neman kai batir 14.6 ita kuma ta iska na fara zubarwa a 14.2, to duk tsakar rana wutar sola na kwarara cikin mazubin da aka auna don injin iska kaɗai. Ranar da rana da iska suka haɗu, kaya ya fi ƙarfinsa.

Sauran masu kisan sanannu ne. Turken ƙarfe mai tsayi da doguwar waya suna kwasar bugun tsawa ko da ba a kansu ta faɗa ba, shi ya sa ake kafa wa turke sandar ƙasa a kuma sa abin kare bugun wuta a inda wayoyi ke shiga ɗaki. Kwantirolar da ta mutu washegarin hadari ba a daɗe ana neman dalili. Ƙura na toshe ƙarfen sanyaya, fankar ciki na tsayawa, tururin asid na cin allon da aka rataye daidai saman batir. Kafasita mai ruwa a ciki, wato ɗan gwangwanin da ke kan allon kwantirola mai tara wuta na ɗan lokaci, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu, kuma idan ta gaji za ka ga kanta ya kumbura. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaura mazubi a ƙarƙashin kwantirola a bango ɗaya, zafin wat dubu na tashi kai tsaye cikinta. Mazubi na son wurinsa daban, mai iska, nesa da katako da labule.

Idan an gano dalili an gyara, mayar da wayoyi ma yana da tsari. Birki na danne, a fara haɗa mazubi da kwantirola, sannan batir, a tabbatar fozitib da negatib ba su juya ba, a ga ta kunna ta gane bolt ɗin tsarin daidai. Injin shi ne na ƙarshe, wajen cirewa kuma shi ne na farko. Kada a jira guguwa ta yi gwajin. A sauke iyakar juya rara na ɗan lokaci zuwa ƙasa da bolt ɗin da batir yake a lokacin, a ga fitilar ta kama, a ji mazubi ya fara ɗumi, a auna amfiyar da yake ja a ga ta yi daidai da lissafi, sannan a mai da saitin inda yake a tabbatar wutar ta ɗauke. Sai a saki birki a rana mai matsakaiciyar iska, a tsaya da mita a hannu. A rubuta juriyar mazubi, da juriyar kowace waya biyu ta janareta, da bolt ɗin da zubarwa ke farawa, a liƙa takardar a cikin murfin akwatin, a kuma sake auna su kafin shigowar lokacin iska mai ƙarfi.